Hawan Dutse: Jadawalin Koci Ko Koyo A Gindin Dutse?

A watan Afrilun 2025 kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar da cewa a gasar Los Angeles ta 2028 za a raba wasan hawa gida uku, kowane da nasa lambobin yabo, na maza daban na mata daban. A Tokyo, inda wasan ya fara shiga Olamfik a gasar da aka yi a 2021, wuri guda aka cusa ukun: ɗan wasa ya yi tseren hawa, ya yi gajeren hawa, ya yi dogon hawa da igiya, sannan a ninka matsayinsa na kowane fanni a fitar da zakara ɗaya. A Paris a 2024 aka ware tseren, sauran biyun suka ci gaba da zama tare. Yanzu kuma kowa zai kama gabansa.

Ga mai kallo daga nesa, gyaran tsarin gasa ne kawai. A cikin masu hawa kuwa ya sake hura wutar wata tsohuwar muhawara, domin duk lokacin da aka ƙara rarraba wasan, ana ƙara tura matasa su ƙware a fanni guda, a hannun koci, bisa jadawali, tun suna ƙanana. Abin da ake yi a sama kuma yakan gangaro ƙasa. Mutumin da ke leƙa zauren hawa sau biyu a mako don nishaɗi yanzu yana jin ana zancen gwajin ƙarfin yatsa, da makon hutu, da zangon juriya, har ya fara tambayar kansa ko hawan da yake yi da abokai ɓata lokaci ne. A gefe guda kuma ga tsofaffin hannu suna ce masa dutse kaɗai ke koyar da hawan dutse.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Tseren hawa ana yinsa ne a bango mai tsawon mita 15 wanda hanyarsa iri ɗaya ce ko'ina a duniya, kuma mazan da suka fi sauri na gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Gajeren hawa, wanda ake kira bolda, babu igiya a ciki: dutse ne ko bango da bai wuce mita 4 zuwa 5 ba, da katifa a ƙasa, motsi kaɗan amma masu tsananin wuya. Dogon hawa kuwa da igiya ake yi, mai hawa yana maƙala ta a ƙugiyoyi yayin da yake yin sama, abokinsa na ƙasa yana riƙe da ita don ya tare shi idan ya faɗo. A ma'aunin Faransa ana auna wahalar doguwar hanya da lamba da harafi. Sabon shiga na fama da 5, wanda ya ɗan jima yakan kai 6b ko 7a, mafi wuyar da aka sanar an hau kuma ita ce 9c.

Horo mai tsari shi ne a fara da auna mutum, a gano inda yake da rauni, a rubuta masa abin da zai yi kowace rana na makonni ko watanni, sannan a sake auna shi. Ana raba shekara zango-zango, wannan na ƙarfi, wancan na juriya, wani na hutu, tsarin da ya samo asali daga masana wasanni na Tarayyar Sobiyat irin su Lev Matveyev. Koyo a gindin dutse kuwa shi ne mutum ya je ya hau abin da ya ba shi sha'awa, ya faɗo, ya kalli yadda wani ya yi, ya sake gwadawa, ba takarda ba agogo.

Inda ruɗanin yake shi ne ana haɗa tambayoyi uku a mayar da su ɗaya. Akwai koci ko babu? Akwai jadawali ko babu? A bangon zaure ake hawa ko a dutsen gaske? Mutum na iya samun koci da ba ya rubuta jadawali, sai dai ya tsaya ya kalli ƙafafunsa ya gyara. Wani na da jadawalin da ya fi na ɗan Olamfik tsauri, amma daga intanet ya sauke shi, babu idon da ke kansa. Wani kuma shekara goma yana hawa a zaure bai taɓa taɓa dutse ba. Duk wanda bai raba waɗannan ba, zai yi ta jin hujjojin da kowace ke da gaskiya a muhallinta, amma ba sa amsa juna.

## Yadda horo ya shigo wasan da ya taso ba koci

Hawan dutse bai fara a matsayin wasa mai zaman kansa ba. Share fage ne na hawan manyan tsaunuka. Masu hawa daga Paris kan je dajin Fontainebleau su yi atisaye a kan ƙananan duwatsunsa kafin su tafi tsaunukan Alps, kuma daga 1947 suka fara zana kibiyoyi da fenti a jikin duwatsun don mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tara hawa mai yawa kamar yana kan doguwar hanyar tsauni. Wato tun a wancan lokacin, abin da ake ɗauka hawan ganin dama ne yana da nasa tsarin, sai dai babu wanda ake biya ya tsara shi.

A shekarun 1950 John Gill, Ba'amurke mai wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki wanda daga baya ya zama malamin lissafi, ya shigo da garin alli na busar da gumin hannu da atisayen ƙarfafa hannu cikin gajeren hawa, a lokacin da yawancin masu hawa ke ganin yin atisaye don dutse wani abu ne bambaraƙwai. A 1964 Don Robinson ya gina bangon hawa a jami'ar Leeds ta Ingila, wanda ake lissafawa cikin na farko a duniya. Gasa kuwa sai da aka kai ruwa rana a kanta a Yammacin Turai. A 1985, shekarar da aka yi gasar Bardonecchia a Italiya, fitattun masu hawa 19 suka sa hannu a wata takarda a Faransa suna ƙin amincewa da mayar da hawa gasa. Da yawansu daga baya sun shiga gasar.

Wanda ya fi sauya tunanin mutane shi ne Bajamushe Wolfgang Güllich. A 1988 ya kafa wani allo mai karkata a wani ɗakin motsa jiki a Nuremberg, an jera masa siraran katakai kamar tsani, ana hawansa da yatsu zalla ƙafa na lilo a iska. Shi ake kira allon kampus. Ya gina shi ne don wata gajeriyar hanya a yankin Frankenjura mai ƙananan ramuka da ba sa ɗaukar fiye da yatsa ɗaya ko biyu, kuma a 1991 ya hau ta. Ita ce Action Directe, wadda aka ɗauka a matsayin ma'aunin darajar 9a. A daidai wannan zamani, a Sheffield, su Ben Moon da Jerry Moffatt na gina ƙananan bangayen katako a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don su tsere wa ruwan saman Ingila.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da hukuma ta ɗora wa koci. Masu hawa ne da dutse ya gagare su, suka koma gida suka ƙirƙiro abin da zai ba su ƙarfin da suka rasa. Koci a matsayin sana'a ya biyo baya ne, tare da yawaitar zaurukan hawa na kasuwanci, da kafa hukumar wasan ta duniya IFSC a 2007, da shawarar 2016 ta shigar da shi Olamfik, wadda ta buɗe ƙofar kuɗin gwamnatoci ga ƙungiyoyin ƙasa.

## Abin da jadawali ke iya ginawa

Hujjar masu horo mai tsari ta fi ƙarfi a kan yatsu. Tsokar da ke lanƙwasa yatsa ba a cikin yatsan take ba, tana tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, dogayen jijiyoyi ne ke kai ƙarfinta har kan yatsa. Wasu ƙananan zobba na nama mai tauri ke riƙe jijiyar ta kwanta a jikin ƙashi. Tsoka na ƙara ƙarfi cikin makonni, amma jijiya da zobbanta sai a hankali, watanni har shekaru. Wannan tazarar ce ke jawo raunin da aka fi sanin masu hawa da shi: mutum ya danne ɗan siririn mariƙi da yatsu a ƙanƙame, ƙafarsa ta zame, nauyin jiki duka ya faɗa kan yatsan, sai a ji ƙas, zobe ya tsinke. Yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa ne ya fi shan wannan wahala.

A dutse babu mai iya auna nauyin da ke sauka a kan yatsa. A katakon rataya kuwa ana iyawa. Mutum ya rataya a gefen katako mai faɗin milimita 20 na daƙiƙa 10, ya huta mintuna, ya sake. Mako mai zuwa a ƙara masa kilo ɗaya ko biyu a ƙugu, ko a rage idan jiki ya nuna gajiya. Eva López, mai bincike kuma gwanar hawa daga Sifaniya, na cikin waɗanda suka gwada irin wannan rataya a kimiyyance suka nuna tana ƙara ƙarfin riƙo cikin 'yan makonni ga waɗanda suka riga suka ƙware. Haka juriya take. Kumburin nan da ke sa hannu ya yi tauri har yatsu su buɗe da kansu a tsakiyar hanya, ana iya jinkirta shi da zagaye-zagayen da aka ƙayyade wa lokaci.

Sai kuma hutu, wanda shi ne abin da mai hawan sha'awa ya fi gazawa a kai. Idan hawa na yi masa daɗi zai yi kwana huɗu a jere yana dannar abu mafi wuya, ya rasa dalilin da ya sa wata shida bai ci gaba ba, ga gwiwar hannu na zogi. Rabin aikin koci na gari shi ne ya ce yau a tsaya haka. Ɗaya rabin kuma shi ne ya tura mutum ga abin da yake gudu. Wanda aka bar shi da zaɓinsa yakan hau irin abin da ya iya ne: mai ƙarfin hannu ya maƙale wa bango mai rinjayowa, ya ƙi kwantaccen dutsen da ke buƙatar ƙafa da natsuwa.

## Abin da ba ya shiga jadawali

Ɗaya ɓangaren na cewa hawa wasan dabara ne kafin ya zama wasan ƙarfi, kuma a shekarun farko suna da gaskiya ƙwarai. A dubi sabon shiga a bango mai rinjayowa. Ƙirjinsa na fuskantar bango, gwiwoyin hannu a lanƙwashe, ƙugu ya yi baya, yana jan jikinsa sama kamar mai hawa igiya, idonsa a kan hannu kaɗai. Kafin mariƙi na biyar ya gaji. Sai wata da ba ta kai shi ƙarfi ba ta zo wurin: ta ɗora kan babban yatsan ƙafa daidai inda take so, ta juya ƙugu ɗaya ya manne da bango, hannu a miƙe, ta tura da ƙafa, hannun ya isa wurin da kansa. Katakon rataya ba zai ba shi wannan ba ko da zai shekara a kai. Yawan hawa iri-iri ne ke ba da shi, da kallon waɗanda suka iya.

A nan taron gindin dutse ke aikinsa. Mutum biyar sun kewaye dutse ɗaya, kowa ya gwada ya faɗo. Gajere ya samo wurin ɗora ƙafa da dogo bai gani ba, wani ya ce a sa dunduniya a can, wata ta goge mariƙin da buroshi ta ce a jira rana ta kauce dutsen ya huce, domin fata ta fi kama sanyayyen dutse. Wannan musayar bayanin yadda za a bi hanya, wadda suke kira beta, makaranta ce mai zaman kanta. A zaure launin roba ke nuna wa mutum inda zai kama. A dutse babu launi, sai ya koyi karanta shi da ido da tafin hannu, kuma dutsen farar ƙasa, da dutsen yashi, da ƙanƙarar dutse kowanne da irin riƙon da yake so.

Akwai kuma maganar ɗorewa. Wanda ke hawa don daɗi da zumunci yakan daɗe a wasan, kuma tun da jijiya shekaru take buƙata, daɗewar kanta horo ce. Jadawalin da ya mayar da yammacin mutum aikin dole na iya kore shi cikin wata uku.

Raunin wannan hanya dai a fili yake. Abokin da ke koyarwa yana iya gadar da kuskurensa tare da iliminsa, kuma babu mai tantance shi.

## Me zakaru ke tabbatarwa?

Kowane ɓangare na da gwarzon da yake kafa hujja da shi. Masu koyo a dutse na ambaton Chris Sharma, Ba'amurken da ya hau hanyar 9a+ a Céüse ta Faransa a 2001, wanda ya yi suna da cewa hawa kawai yake yi, ba ruwansa da ɗakin atisaye. Masu jadawali na ambaton Adam Ondra ɗan ƙasar Czech, wanda ya hau Silence a kogon Flatanger na Norway a 2017, hanyar farko da aka ba darajar 9c. Ondra ya yi aiki da koci Patxi Usobiaga da likitan motsa gaɓoɓi Klaus Isele, har atisayen tsokar sha-raɓa ya yi musamman don ya iya soke gwiwa a wani lungu ya rataya kai a ƙasa ya huta a tsakiyar hanyar.

Sai dai idan aka matsa kusa, misalan ba su rabu tsaf haka ba. Wanda ya shafe makonni yana komawa motsi guda a dutse guda, yana hutawa tsakanin gwaji, horo yake yi ko bai kira shi da sunan ba. Ondra kuma ɗan masu hawa ne, tun yana ƙaramin yaro yake bin duwatsu, ya tara dubban hanyoyi kafin jadawali ya zame masa babban abu. Hanyar La Dura Dura da ke Oliana a Sifaniya, su biyun tare suka yi ta fama da ita suna musayar dabara, Ondra ya hau ta a farkon 2013, Sharma ya biyo baya 'yan makonni kaɗan.

Misalin da ya fi nuna inda aka dosa shi ne Burden of Dreams, wani ɗan gajeren dutse a Finland da Nalle Hukkataival ya hau a 2016 bayan shekaru yana gwadawa. Sama da shekara shida babu wanda ya maimaita. Will Bosi ɗan Scotland ya yi atisaye a Ingila a kan kwafin mariƙan dutsen da aka ɗauki siffarsu da na'ura aka ƙera, sannan ya tafi Finland ya hau na gasken a 2023. Duk da haka sai da ya yi kwanaki a gindin dutsen kansa kafin ya ba shi hanya.

A fagen gasa kuwa muhawarar ta riga ta mutu. Janja Garnbret ta Slobeniya da ta ci zinare a Tokyo da Paris tana da koci. Toby Roberts na Birtaniya da ya ci na maza a Paris yana ɗan shekara 19, mahaifinsa ne ya tsara masa horo na shekaru. A tseren hawa, inda hanyar ba ta canzawa, ana nazarin bidiyon kowane taku ne kamar yadda ake yi wa 'yan gudun mita 100. Amma abin da ya dace da mutum 20 mafi ƙwarewa a duniya ba lallai ya ce komai game da mai shekara ɗaya a wasan ba.

## Tsaka-mai-wuya: jadawali ba koci

Rukunin da ya fi girma a yau, kuma wanda muhawarar ta fi mantawa da shi, shi ne na masu jadawali ba tare da mai duba su ba. Bidiyon atisayen zakaru ya zama ruwan dare, manhajojin waya na ƙirga wa mutum daƙiƙun rataya, ga alluna irin su MoonBoard da Kilter Board masu mariƙai iri ɗaya a duk duniya, inda fitilu ke kunnuwa su nuna hanyar da wani ya tsara a wata nahiya. Kayan aiki ne masu amfani, kuma sun kai ilimin horo wuraren da babu koci ko ɗaya.

Matsalar ita ce jadawalin da aka rubuta wa mai shekara goma a wasan ya ginu ne a kan jijiyar da ta shekara goma tana tauri. Idan mai wata takwas ya ɗauke shi, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Takarda ba ta ganin cewa kafaɗarsa na zubewa idan ya rataya, ba ta san bai yi barci ba jiya, ba ta jin ɗan zogin da ya fara a gindin yatsa. Irin wannan mutum ya rasa idon koci, ya kuma rage sa'o'in hawan da za su koya masa dabara. Shi ya sa kociyoyi da dama da kansu ke ce wa sabon shiga ya bar katako tukuna ya je ya hau.

## Yara da nauyin jiki

A kan yara ne horo mai tsari ya fi nuna fuskokinsa biyu. Ƙashin yatsan yaro na tsawo ne daga wani guringuntsi da ke kusa da gaɓa, wanda ba ya rufewa sai girma ya kammala. Likita Volker Schöffl na Jamus, wanda ya daɗe yana bincike kan raunukan masu hawa, ya nuna yadda wannan wuri ke tsagewa a yatsun matasan da ke atisaye mai tsanani, musamman a shekarun da tsawo ke zuwa da sauri, kuma an danganta shi da allon kampus da yawan ƙanƙame ƙananan mariƙai. Ba ya zuwa da faɗuwa ko ƙara. Ciwo ne da kumburi a gaɓar tsakiya da ke ƙaruwa a hankali, idan aka yi sakaci kuma yatsa na iya karkacewa har abada. Kocin da ya san wannan shi ne kariyar yaron. Wanda bai sani ba, ko yake neman kofi da wuri, shi ne sanadin raunin. Yaron da ke wasa a dutse da iyayensa ba kasafai yake kai wa wannan nauyi ba.

Ɗaya matsalar ita ce abinci. Tun da nauyin jiki ake ɗagawa, rage kilo na kawo sakamako nan take, kuma wannan ya jefa 'yan wasa da dama cikin ƙuntata wa kansu ci har jiki ya rasa abin da zai gudanar da kansa: al'ada ta ɗauke wa mata, ƙashi ya yi rauni, zuciya ta shiga haɗari. A 2023 Schöffl da Eugen Burtscher suka ajiye muƙamansu a kwamitin lafiya na IFSC suna zargin hukumar da jan ƙafa, Garnbret ma ta fito ta yi magana a kan lamarin. A farkon 2024 hukumar ta fitar da dokar tantance lafiyar 'yan wasa kafin a bar su su shiga gasa. Matsin gasa ne ya tsananta cutar, amma kuma a cikin tsarin ne kaɗai ake da hukumar da za ta iya hana mutum hawa don lafiyarsa. Mai hawa shi kaɗai da ya faɗa wannan rami babu mai auna shi.

## Ƙulli, igiya da wanda zai duba

A da, ƙofar shiga hawa ita ce wani ya ɗauke ka ya kai ka dutse. Kafin ka yi ƙarfi ka riga ka koyi ɗaura ƙulli, da riƙe wa wani igiya, da kafa maɗauri a sama, da saukowa. Yanzu yawanci ta zaure ake shiga, kuma mutum na iya kai wa 7a cikin 'yan shekaru bai taɓa zare igiya daga maɗaurin saman dutse ba. A zaure tsawon igiya ya dace da bango, ƙasa a shimfiɗe take, ma'aikata na zagayawa. A waje igiya na iya gaza tsawon hanya, idan kuma ba a ɗaura ƙulli a ƙarshenta ba sai ta zare ta cikin na'urar mai riƙewa, wanda ake saukewa ya faɗo. Rahotannin haɗurra na shekara-shekara da ƙungiyar masu hawa ta Amurka ke fitarwa na yawan maimaita irin wannan kuskure na saukarwa da saukowa.

Ƙwarewa ma ba ta hana shi. A 1989 Lynn Hill, wadda ke cikin gwanayen duniya a lokacin, ta manta ba ta ƙarasa ƙullinta ba a Buoux ta Faransa, ta jingina da igiya a saman hanya ta faɗo sama da mita 20. Rassan bishiya suka rage mata ƙarfin faɗuwar ta rayu. Abin da ke tare irin wannan shi ne al'adar abokan hawa su duba ƙulli da ɗamarar juna kafin kowa ya bar ƙasa, kuma jadawalin ƙarfin yatsa ba ya ɗauke da ita. Kocin gasa da malamin koyar da igiya a dutse sana'o'i biyu ne, takardun shaidarsu ma daban ne a ƙasashen da ke bayarwa.

## Inda abin zai taɓa mai hawa na yau da kullum

Rabuwar 2028 za ta ƙara yawan ƙungiyoyin yara da kociyoyin fanni guda, kuma zauruka za su ci gaba da tsara bangayensu da salon gasa, na manyan mariƙai da tsalle-tsalle, wanda ke ƙara nisa da abin da ake tararwa a dutse. Iyayen da ke sa yaro a ƙungiya za su fi buƙatar sanin matsayin kocin a kan allon kampus, da ciwon yatsa, da zancen nauyi, fiye da yawan kofunan da ya tara.

Ga babba, amsar na bin abin da ya tsayar da shi. Mai shekara ɗaya ko biyu yawanci dabara ce ta gaza, kuma zama kaɗan da wanda zai kalli motsinsa ya fi masa jadawalin wata shida amfani. Wanda ya jima, ya iya karanta hanya amma yatsu na buɗewa a wuri guda kullum, shi ne wanda awo da jadawali ke yi wa aiki sosai. Koci kuɗi ne, kuma wannan na nufin tazara za ta ƙaru tsakanin masu hali da marasa shi a fagen gasa, ko da yake horarwa daga nesa ta bidiyo ta rage tsadar.

Duwatsun kansu ma abin ya shafe su. Jama'ar da zauruka ke fitarwa na isa wuraren hawa da yawansu, ba tare da wanda ya gaya musu cewa dutsen yashi na karyewa idan aka hau shi a jiƙe ba, ko cewa ana rufe wasu hanyoyi a lokacin da tsuntsaye ke sheƙa, ko cewa ana goge alli kafin a tafi. A da a bakin abokin hawa ake jin waɗannan. Yanzu ƙungiyoyin masu hawa da wasu zauruka sun fara shirya darussa na musamman na fita daga bango zuwa dutse, domin inda aka yi ɓarna masu filaye da hukumomin gandun daji kan hana hawa a wurin gaba ɗaya.